Lambar Talla Ba Ita Ke Zaɓar wa Gida Intanet Ba: Martani

Intanet na gida, wato wanda ake girkawa a wuri ɗaya domin iyali su riƙa jona wayoyinsu da kwamfutocinsu ta Wi-Fi, ya fi shigowa gidajen Najeriya ta hanyoyi uku. Akwai wayar faiba, zaren gilashi mai sirantar gashin kai, wadda ake binnewa a ƙasa ko a rataya a jikin turaku har ta iso cikin falo. Akwai rautar da ake saka wa layin waya, wadda ke ɗauko sabis na 4G ko 5G daga ƙarfen sabis na kusa, kamar dai yadda wayar hannu ke yi. Sai kuma na tauraron ɗan'adam, wanda sunansa ya cika gari tun da Starlink ya fara aiki a Najeriya a watan Janairun 2023, kafin ya shiga kowace ƙasa a Afirka. Kowace hanya daga cikin ukun tana da gidan da ta dace da shi, tana kuma da gidan da za ta zame masa asarar kuɗi.

A kwanakin baya wani marubuci ya fitar da maƙala a kan yadda ake zaɓen kamfanin da zai kawo wa gida intanet, ya ce maganar ba ta buƙatar dogon turanci. Ƙa'idarsa guda ce: a dubi lambar gudun da kowane kamfani ya rubuta a tallarsa, a auna ta da kuɗin wata, wanda ya ba da lamba mafi girma a kan kowace naira shi ne gwani. Ya ƙara da cewa duk mai halin sayen Starlink ya huta da wannan lissafi ma, domin abin da ke saukowa daga sama babu mai tare shi. Tambayar maƙwabta da gwajin sabis kuwa ya ɗauke su ɓata lokaci, aikin waɗanda ba su iya karanta alƙaluma ba. Yana da gaskiya a wuri ɗaya: mutane da yawa suna sayen rauta ne don sun saba da kalar kamfanin ko don ɗan'uwansu na aiki a can, kuma wannan ba hujja ba ce. Amma maganin da ya kawo ya fi ciwon haɗari, domin lambar da ya ɗora shawararsa a kanta ita ce mafi ƙarancin faɗin abin da iyali za su gani a cikin gidansu.

Lambar nan ana rubuta ta ne da megabit a kowane sakan, ita ce Mbps da ake gani a jikin kwali. Fayil da data kuwa da megabait ake auna su, kuma bit 8 ne ke yin bait 1. Don haka layin da aka ce yana gudun 40 ba zai sauke fiye da megabait 5 a sakan ba, ko da komai ya tafi daidai. Wannan ƙaramin ruɗani ne. Babban yana cikin kalmomi biyun da ake lanƙwasawa a gaban lambar da ƙananan haruffa, masu ma'anar “har zuwa”. Kamfanin da ya ce gudunsa na kaiwa har zuwa 100 bai yi wa kowa alƙawarin 100 ba. Ya faɗi iyakar abin da na'urarsa za ta iya yi ne a lokacin da babu cunkoso, babu bango, babu nisa. Idan gida ya samu 12 da dare, kamfanin bai saɓa wa tallarsa ba. Raba kuɗin wata da irin wannan lamba daidai yake da mutum ya yi cinikin buhun masara da girman buhun, bai ɗaga shi ya ji nauyinsa ba.

Sai tambayar da marubucin bai yi ba sam: gudu nawa gida ke buƙata? Bidiyo mai tsabtar hoto a waya ko a talabijin yana tafiya lafiya da kimanin megabit 5. Kiran bidiyo bai kai haka ci ba. Kiran murya na WhatsApp ko megabit 1 ba ya ci. Gidan da mutum biyar ke kallo a lokaci guda zai wadatu da 25 zuwa 30, muddin da gaske ake samunsu. Shirin faɗaɗa intanet na ƙasa na 2020 zuwa 2025 ma abin da ya sa a gaba ke nan: megabit 25 a birane, 10 a karkara. Daga nan zuwa sama, yawancin iyalai ba za su ji bambanci tsakanin 50 da 200 ba, sai ranar da za a sauke wani ƙaton fayil. Abin da suke ji a jikinsu shi ne tsayawar hoto a tsakiyar tafsiri, da yankewar kira ana cikin gaisawa da ɗan'uwa a Saudiyya. Waɗannan kuwa ba ƙarancin lambar talla ke kawo su ba.

Cunkoso ne ke kawo su. Ƙarfen sabis kamar famfon unguwa yake: ruwan da ke fitowa ɗaya ne, masu ɗiba ne ke ƙaruwa da raguwa. Duk wayar da ke yankin da duk rautar da ke gidajen kewaye, daga wannan ƙarfen suke sha. Da hantsi, lokacin da mutane ke kasuwa da ofis da makaranta, rauta tana iya nuna gudu mai ban sha'awa. Bayan sallar isha'i, lokacin da aka ci abinci kowa ya kishingiɗa ya buɗe fim mai dogon zango a YouTube ko ya shiga TikTok, sai gudun ya faɗi warwas, kuma a daidai lokacin ne iyali suka fi son intanet ɗin. Mai sayar da rauta a shago yakan gwada ta ne da rana, sau da yawa a bakin babban titi inda sabis ya fi ƙarfi. Gidan da za a kai ta yana iya zama a ƙarshen lungu, bayan benaye, ƙarƙashin wani ƙarfen daban mai ɗauke da unguwa biyu. Shi ya sa kamfanin da ake yabo a Nasarawa GRA ake iya tsine masa a wata unguwar da ke cikin Kano ɗin nan, kuma mai yabon da mai tsinuwar duk gaskiya suka faɗa. Maƙwabcin da marubucin ya raina shi ne yake riƙe da labarin da babu shi a kowace talla, domin shi da gidan da za a kai rautar daga ƙarfe ɗaya suke sha.

Zuwan 5G bai kawar da wannan ba. A gwanjon da Hukumar Sadarwa ta Najeriya, NCC, ta yi a watan Disambar 2021, MTN da Mafab ne suka samu lasisi a zangon 3.5GHz, MTN ya fara aiki da shi a 2022, Airtel ya biyo baya a 2023. Zango ne mai ɗaukar kaya da yawa, amma bai kai ƙananan zanguna nisan tafiya ba, kuma bango yana rage masa ƙarfi fiye da su. A ce birni yana da 5G ba ya nufin kowace unguwa tana da shi. Rautar 5G da aka kai gidan da sabis ɗin bai kai ba za ta koma kan 4G ne kawai, mai gida ya biya kuɗin doki ya hau jaki.

Wani abu kuma da lissafin marubucin ya tsallake shi ne yawan datar, kuma a nan ne aljihun mai gida ya fi jin jiki. Gudu ba ya ƙara data, hanzarta ƙarewarta yake yi. Layin da ke gudun megabit 100 yana iya sauke giga 45 a awa ɗaya idan aka sake masa linzami, wato datar giga 100 za ta iya tafiya cikin awa biyu da 'yan mintuna. A zahiri ba a cinye ta haka, amma manhajojin bidiyo da kansu suke ɗaga tsabtar hoto idan suka ga hanya a buɗe, wayoyi kuma da zarar sun hau Wi-Fi sai su shiga sabunta manhajoji da kwashe hotuna zuwa ma'ajiyar intanet ba tare da sun tambayi kowa ba. A ɗauki gida mai mutum takwas masu waya, kowa na kallon bidiyo na awa biyu a rana, awa ɗaya na cin kimanin giga 1. Giga 16 ke nan a rana, giga 480 a wata. Irin wannan gida ba shi da amfani da gudun 150 a kan datar giga 120. Kafin mako na biyu ya fita an fara tuhumar juna, ana zargin yara, ana canza lambar sirri.

Daga nan ne ake komawa ga tsarin da ake kira marar iyaka, shi ma yana da nasa gizon. Da yawa daga cikin irin waɗannan tsare-tsare suna da sharaɗin da kamfanoni ke kira amfani bisa adalci: idan gida ya cinye wani adadi na giga a wata, ba za a yanke shi ba, amma za a rage masa gudu zuwa abin da ba ya iya ɗaukar bidiyo. Wasu tsare-tsaren kuma iyakarsu ta kullum ce. Sharaɗin yana nan a rubuce, sai dai ba a allon talla ba. Tambayoyi biyu ne ke fito da shi fili: giga nawa ake ci kafin a rage gudu, kuma idan an rage nawa yake komawa. Kamfanonin faiba sun fi ba da marar iyaka na gaske, domin wayarsu ta fi iska ɗaukar kaya nesa ba kusa ba. A wajensu ne kaɗai lambar gudu take kusa da zama ma'aunin da za a iya jingina da shi, shi ma idan kamfanin bai tara gidaje fiye da kima a kan layi ɗaya ba.

Lambar talla ta saukewa ce. Ba ta faɗin gudun turawa, wanda a kan 4G yakan yi ƙasa da na saukewa sosai. Mai sayar da atamfa da leshi da ke ɗora bidiyon kaya kullum, da malamin da ke karantarwa kai tsaye, da ɗalibin da zai tura aikinsa kafin a rufe shafi, duk da turawa suke rayuwa. Ba ta kuma faɗin jinkirin amsa, wato ɗan lokacin da saƙo ke ɗauka ya je ya dawo, wanda shi ke sa mutum biyu su riƙa katse juna a kira.

Sai wutar lantarki, wadda ko sau ɗaya maƙalar ba ta ambata ba, alhali a arewacin Najeriya da ita ya kamata a fara. Tsarin rukunin masu amfani da lantarki ya ware wa rukunin A aƙalla awa 20 a rana, ya gangaro har rukunin E mai awa 4. Intanet ɗin da ba ya aiki sai an kawo wuta, a gidan da ke samun wutar awa shida, intanet ne na awa shida, komai girman lambarsa. Na'urorin kuma ba cinsu ɗaya ba. Rautar 4G ko ƙaramin akwatin faiba abin da suke ci bai wuce kimanin wat 10 ba kowannensu. Ɗan batirin ajiya mai girman littafi yana riƙe su na awanni, wasu rautocin ma da batirinsu suke zuwa. Faifan Starlink na gida kuwa, wato na'urar da ke kama sabis daga tauraro, yana cin tsakanin wat 50 zuwa 100, gwargwadon samfurinsa. A ɗauki 75: a kwana ɗaya ya ci yunit 1.8, a wata yunit 54. Batirin inbata mai amfiya 200 da bolt 12 yana ɗauke da kimanin yunit 2.4 a takarda, kuma idan na ruwa ne ba a son a zuƙe fiye da rabinsa domin kada ya mutu da wuri. Ke nan batiri ɗaya ba zai kai faifan daga safiya zuwa safiya ba, tun ba a kunna fanka ba, ba a yi cajin waya ba. Wanda ya sayi faifan bai da sola mai ƙarfi, ko dai ya ƙara wani kuɗin a kan sola, ko ya riƙa tayar da janareta saboda intanet, da man fetur ɗin da farashinsa ya ninka tun bayan cire tallafi a watan Mayun 2023. Wannan duk kuɗin intanet ne, ko da ba kamfanin ke karɓa ba.

Akwai kuma ginin gidan kansa. Ginin Bahaushe ba irin wanda masu ƙera rauta suka yi tunani ba ne. Yawanci falon mai gida yana gaba, kusa da ƙofar shigowa. Daga nan sai tsakar gida, sai ɗakunan iyali a jere a can ciki, da kicin da tankin ruwa a tsakani. Mai haɗa na'ura yakan ajiye rauta inda ya fi masa sauƙi, a kan teburin talabijin na falon gaba, wani lokaci a bayan talabijin ɗin, ƙasa-ƙasa. Kafin Wi-Fi ya isa ɗakin uwargida sai ya keta bangon bulo uku da aka yi wa filasta ciki da waje, da ƙofar ƙarfe, da tagogi masu ƙarafan tsaro. Abin da ake gani a irin wannan gida sananne ne: mai gida yana zaune yana yabon kamfani, yara sun yi cincirindo a gindin tagar falonsa da wayoyi a hannu, matan gida kuma sun koma sayen datarsu a waya kamar ba a girka komai ba. Wi-Fi yana da zango biyu da aka fi sani. Na 5GHz ya fi gudu amma bango yana karya shi da wuri, na 2.4GHz ya fi ratsa bango amma bai kai wancan gudu ba, kuma ya fi cunkushewa da na maƙwabta. Canza kamfani ba ya gyara wannan. Gyaransa a matsar da rauta tsakiyar gida, a ɗaga ta sama, a fitar da ita daga cikin kabad, idan gidan babba ne a ja waya zuwa na'ura ta biyu a sashen iyali. Ga rautar da ke ɗauko sabis daga ƙarfe kuwa, wurin da ya fi kyau ga sabis, wato gefen taga mai fuskantar ƙarfen, ba lallai ya zama wurin da ya fi kyau ga Wi-Fi ba. Shi ya sa samfurin da ake kafa eriyarsa a waje a ja waya zuwa ciki yakan fi dacewa da gida mai kauri.

Maganar Starlink tana buƙatar adalci, domin abin da ya kawo ba ƙarami ba ne. Tsoffin taurarin sadarwa suna tsaye ne a nisan kilomita 35,786, saƙo yakan ɗauki kusan rabin sakan kafin ya je ya dawo, abin da ke sa hira ta yi wuya. Na Starlink suna kewayawa a kimanin kilomita 550, jinkirinsu bai taka kara ya karya ba. Ga asibitin karkara, ga makaranta ko gona mai nisa da ƙarfen sabis, ga garin da babu ranar zuwan faiba, shi ne mafita, wani lokaci ma shi kaɗai. Mutanen Zamfara da sassan Katsina da Sakkwato da Kaduna sun san abin da katse layukan waya na 2021 ya yi wa harkokinsu, sun san darajar hanyar da ba ta bi ta ƙarfen sabis ba. Amma cewa babu mai tare abin da ke saukowa daga sama ba daidai ba ne. Reshen darbejiya yana tare shi, benen maƙwabci yana tare shi, domin faifan yana son sarari buɗaɗɗe. Ruwan sama mai ƙarfi yana katse shi na ɗan lokaci. Cunkoso ma yana kama shi, domin tauraron da ke saman wani yanki yana da iyakar abin da zai ɗauka: a ƙarshen 2024 kamfanin ya dakatar da karɓar sababbin masu amfani na gida a Legas da Abuja saboda wurin ya cika. Farashinsa kuma ba a daskare yake ba. A watan Oktoban 2024 ya nemi ɗaga kuɗin wata daga naira 38,000 zuwa 75,000, NCC ta ce ba ta amince da ƙarin ba, aka dakatar da shi a lokacin. Ga kuɗin kayan, ɗaruruwan dubban naira a dunƙule kafin a fara. Idan matsala ta taso, galibi ta cikin manhaja ake kai kuka, a jira amsa. A unguwar da faiba ta riga ta iso, da wuya ya fi ta sauƙi ko kwanciyar hankali.

Faibar ma tsugune ba ta ƙare ba. Kamfanoninta irin su ipNX da FiberOne sun fi ƙarfi a Legas da Abuja da wasu 'yan manyan birane, kuma ko a birnin da take, titi-titi ake binta. Tsadar izinin haƙa hanya tana cikin abin da ya hana ta yaɗuwa. An daɗe da amincewa da naira 145 a kan kowace mita, jihohi da yawa suka riƙa karɓar ninkin-ba-ninkin haka, har zuwa 2020 lokacin da wasu suka sauko, Kaduna ta yafe kuɗin gaba ɗaya. Inda aka binne ta kuma, babban abokin gabarta katafila ce. Aikin titi, haƙar magudanar ruwa, ginin shago a bakin hanya, masu tono da zaton akwai tagulla a ciki, duk suna yanke ta. Yawan wannan ɓarna yana cikin abin da ya sa gwamnatin tarayya ta sanya kayan sadarwa a jerin muhimman kadarorin ƙasa a 2024. Ga mai gida, tambayar ba ta ko wayar za ta yanke ba ce, domin za ta yanke. Tambayar ita ce kwana nawa ake yi kafin a gyara, ko kamfanin yana da ma'aikata a garin, ko ana ɗaga waya ranar Asabar, ko ana mayar wa mutum kwanakin da ya rasa. Amsar waɗannan ma tana bakin maƙwabta.

Akwai abin da ke can sama da unguwa. Mafi yawan wayoyin ƙarƙashin teku da ke haɗa Najeriya da duniya a Legas suke fitowa: SAT-3, da MainOne da Glo-1 na 2010, da WACS da ACE na 2012, da Equiano da ya iso a 2022. Daga can zuwa Kano tafiyar kusan kilomita 1,000 ce, duk a kan wayar da ke bin gefen hanya. Ranar 14 ga Maris, 2024, wayoyi huɗu suka lalace a tekun da ke gaɓar Kodebuwa, wato WACS da ACE da MainOne da SAT-3, intanet ya rikice a Afirka ta Yamma, manhajojin bankuna suka riƙa ƙin buɗewa, gyara ya ɗauki makonni. Kamfanonin da ke da hanya a kan wata wayar daban su suka fi saurin farfaɗowa. Darasin da ke ciki ga gidan da abincinsa ke rataye da intanet shi ne ya riƙe layi na biyu na wani kamfanin, ko da ɗan ƙarami ne a waya. Sai dai a sani cewa kamfanoni da dama haya suke yi a ƙarfe ɗaya, na kamfanonin turaku irin su IHS, don haka idan janaretan ƙarfen ya tsaya suna iya ɗaukewa tare. Faiba da layin waya sun fi zama madadin juna fiye da layukan waya biyu.

Idan aka tattara kuɗin da gaske, ba na wata ɗaya ake dubawa ba, na shekara ake yi: kuɗin na'ura, kuɗin haɗawa, kuɗin wata sau 12, ƙarin datar da za a saya idan ta ƙare kafin lokaci, da kuɗin wutar da za ta riƙe na'urar. A bar kuma sarari domin ƙarin farashi, tunda a watan Janairun 2025 NCC ta amince wa kamfanonin sadarwa su ƙara har kashi 50 cikin 100. Ɗan haya yana da ƙarin abin dubawa, domin faiba ba ta bin mutum idan ya tashi, rautar layi kuwa a jaka ake saka ta. Yawancin rautocin da kamfanonin waya ke sayarwa da araha a kulle suke, ba sa karɓar layin wani kamfani, arahar tasu ke nan. Wadda ba a kulle ba ta fi tsada a ranar saye, amma tana ba mai ita damar sauya layi duk ranar da sabis ya lalace a unguwar.

Gwajin da marubucin ya kira ɓata lokaci ba ya cin fiye da mako guda da kuɗin data kaɗan. Ana aro ko a sayi layin kowane kamfanin da ake tunani, a saka a waya mai 4G ko 5G, a tsaya a daidai inda za a ajiye rautar. A auna gudu da manhaja irin Speedtest sau uku a rana, da safe, da la'asar, da kuma tsakanin ƙarfe 8 zuwa 11 na dare, a rubuta na saukewa da na turawa. A haɗa da ranar Asabar ko Lahadi. Lambar da za a yi hukunci da ita ita ce mafi ƙanƙanta da aka gani da dare, ba mafi girma ba. A yi kiran bidiyo na minti goma a ga ko zai yanke. Ga faiba, wadda ba a iya gwadawa kafin a ja ta, sai a nemi gida biyu ko uku a layin da suka yi aƙalla wata shida da ita, musamman waɗanda suka ratsa damina da ita, a tambaye su sau nawa ta ɗauke da kuma yadda aka yi da su. A fara da tsarin wata ɗaya, kada rangwame ya ja mutum ya biya na shekara tun bai ga kamun ludayin kamfanin ba.

Layin da ke cikin rauta layi ne kamar kowane, dole a yi masa rajista a haɗa shi da lambar NIN, kuma ya kamata ya kasance da sunan mai gidan, ba da sunan yaron shagon da ya sayar da na'urar ba, domin ranar da aka rufe shi ko ya lalace mai sunan kaɗai za a saurara. Idan matsala ta taso, ana fara kai ƙorafi ga kamfanin, a karɓi lambar ƙorafin a adana, tare da hotunan gwajin gudu masu nuna rana da lokaci. Idan kamfanin bai warware ba, NCC tana da lambar kira kyauta, 622, inda ake ɗaukaka ƙorafin, kuma lambar nan da kamfanin ya bayar ita za a fara tambaya.